Bin Sawun Hannun Kawu

Duk Dingaya an san Turai da hali guda: ba ta iya ganin abu ya fara lalacewa ta ɗauke kai. Ƙwarya ta tsage sai ta ɗinke ta. Tabarma ta fara zarewa a baki sai ta zauna ta kitse ta, ko da kuwa ba tata ba ce. Matan unguwa kan ce in ka ba Turai aron tsohon faifai, sabo za ta dawo maka da shi, sannan ta bi ka da faɗan me ya sa ka bar shi ya kai haka. Hali ne mai kyau, kowa yana yabonsa. Ni dai da an tambaye ni da na ce akwai abin da barinsa a lalace ya fi alheri, amma ba a tambaye ni ba, ita ma a lokacin ba ta tambayi kowa ba.

Tana 'yar shekara huɗu uwarta ta rasu, sai wan uwar, Malam Abdurra'uf, ya ɗauko ta ya haɗa da 'ya'yansa ya riƙe. Malam marubuci ne na gaske, ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau bakwai, mutane na zuwa daga Gwaram da gaba da Gwaram don hannunsa. Shi ya koya mata rubutu yadda aka koya masa. Yakan sirka tawada da ruwa ya ja baƙaƙe a allo dishi-dishi, ya miƙa mata ya ce ta bi sawu da baƙar tawada. A wannan fanni babu yaron da ya kamo ƙafarta. Ba ta taɓa zama mai rubutun kanta ba, amma in bin sawu ne, ko Malam sai ya kai allon kusa da ido kafin ya gane inda nasa ya tsaya nata ya fara.

Ta yi aure a Kwandiko, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, ta dawo gidan Kawu. Shi kuma ya nuna mata gonarsa ta fadama ya ce ta riƙa taɓawa. Shekara goma sha ɗaya tana taɓawa, shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani. Daga gonar nan ake ci, daga ita ake sutura, daga ita aka yi wa babbar 'yar kayan ɗaki. Ban da ita Turai ba ta da ko taƙi ɗaya a bayan ƙasa. Kuma kowa ya sani, ita ma ta sani, 'yar ƙanwa ba ta gadon kawu in ya bar 'ya'ya, komai daɗewarta a gidan. A idon gari gonar aro ce.

Wata rana da hantsi Malam ya kira ta zaure. Ya zaro farar takarda daga gafaka ya ɗora a gwiwa, ya duba tawadar da yake rubutun takarda da ita ya tarar ta ƙafe, sai ya jawo ta allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro. Kafin Turai ta gama gyara zama ya gama. Layi biyar ne na ajami. Ya karanta mata: shi Abdurra'uf ya ba Turai gonarsa ta fadama kyauta, ba aro ba, don Allah da zumunci.

"Riƙe wannan tukuna," ya ce. "In na dafa tawada zan sake shi da mai kyau, in kira liman da mai unguwa su sa hannu. Daina kukan nan kada ki ɗiga min a kai."

Bai dafa tawadar ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a makon, kwana tara aka kai shi makwancinsa.

Da wata macen ce, ranar sadakar uku za ta fito da takardarta. Turai kuwa kara ta hana ta. Yaya za a yi ana zaman makoki ta fito da maganar gona, a ce dama abin da take jira ke nan? Da aka watse, babban ɗan Malam, Khuzaima, wanda ke da motocin haya biyu a Kano, ya ce mata, "Yaya, ci gaba da nomanki, babu mai maganar rabo yanzu." Sai ta ninke takardar ta sa cikin wani tsohon littafi, ta sa littafin a ƙasan akwatin ƙarfe, ta tura ƙarƙashin gado. Hankalinta ya kwanta.

A watan Agusta aka yi ruwan kwana uku ba ɗaukewa. Katangar bayan ɗakinta ta jiƙe ta zauna, ruwa ya shigo har idon sawu. Sai da rana ta fito ana shanyar kaya ta tuna da akwatin. Gindinsa ya daɗe da cin tsatsa ba ta sani ba. Littafin ya kumbura, takardar ta manne da shafi, ta ɓanɓaro ta a hankali. Rubutun yana nan, sai dai baƙin ya koma toka-toka, wani wurin sai an karkata takardar wajen haske ake ganinsa. Mai ido zai karanta. Amma Turai ta dube shi ta ga abu yana mutuwa a hannunta, ta ce a ranta nan da wata damina babu abin da zai rage.

Daga nan halin nata ya motsa. Ta shiga zauren Kawu ta ɗauko alƙalaminsa na kara da gidan tawadarsa, ta zuba ruwa kaɗan ta dama. Ta yi alwala. Ta jira yara suka fita, ta zauna bakin ƙofa inda haske ya fi, ta fara bin sawu. Abin da Malam ya rubuta kafin mutum ya shanye kofin koko, ita sai da ta yi hantsi uku a kansa. Tana riƙe numfashi a kowane baƙi, ba ta fita ko da faɗin gashi ba. Da ta gama ta ɗaga takardar, sai ga hannun Kawu ya dawo baƙi wuluk kamar jiya ya ajiye alƙalami. Ta yi kuka, amma na daɗi ne. A ganinta ta yi masa hidima ta ƙarshe, irin wadda shi da kansa ya koya mata.

Bayan ƙaramar Sallah Munzali, ƙanen Khuzaima, ya yi hatsari a hanyar Kano ya rasu, ya bar mata da yara uku ƙanana. Nan maganar rabo ta taso, don yanzu rabon Munzali na marayu ne, kuma dangin matarsa suka ce a fitar musu da shi tun ana ganin juna. Wanda suka wakilta shi ne yayan matar, Alhaji Maikano, ɗan kasuwar hatsi, mutum mai magana a hankali wanda ba ya manta abin da aka faɗa. Da aka zo lissafa gonaki aka ambaci ta fadama, sai Turai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da takardarta.

Khuzaima ya karanta ya ce, "Hannun Baba ne." Ita da shi taubasai ne, ɗan namiji da 'yar mace, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi ne ya laƙaba mata suna Magajiyar Gyara. Ranar ma har ya buɗe baki zai ce wani abu na wasa, sai ya ga Alhaji Maikano yana jujjuya takardar, ya fasa.

"Ban ce komai ba," in ji Alhaji. "Takarda dai ta sha ruwa, ga tabonsa nan. Rubutu kuma bai sha ba. Kuma babu shaida ko ɗaya a ƙasa. Ni amanar marayu aka ɗora min, in na yi shiru ni za a tambaya."

A nan ya kamata Turai ta faɗi abin da ta yi. Ta dubi mazan da ke zaune, ta haɗiye maganar. Ta ga kamar in ta ce ta taɓa takardar an gama da ita, in kuwa ta yi shiru, ai hannun Kawu ne, kowa ya gani. Aka yi ta magana har azahar. Babu mai son a je kotu a tona gidan Malam. Daga ƙarshe aka tsaya a kan a kai wa Malam Maliki na Birnin Kudu, abokin karatun marigayi, wanda suka yi shekara arba'in suna duba wa juna rubutu. In ya ce hannun Abdurra'uf ne, magada sun yarda gona ta Turai ce ko babu shaida. In ya ce ba shi ba ne, ta shiga rabo. Turai ce ta fara cewa ta yarda, har da saurinta.

Ranar Laraba suka tafi a motar Khuzaima, shi da Alhaji a gaba, ita a baya da takardar cikin leda a ƙirjinta. Shinkafa ta fara fitar da kai a fadamun bakin hanya. Tana kallo tana auna tata, tana cewa bana in Allah ya kai mu har ta biyun ma za a fara tara mata kwanuka. Khuzaima ya leƙo ta madubi ya ce, "Magajiya, ko motar ma akwai inda za ki ɗinke mana?" Ta ce, "Direban zan fara ɗinkewa, bakinsa ya yage." Aka yi dariya, har Alhaji ya murmusa.

Malam Maliki ya haura tamanin. Suka same shi a zaure kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa, tabarau ɗaure da zare ta bayan kunne. Tsoho ne mai gajen haƙuri da dogon bayani in na wani ne, nasa kuwa ba a katse shi. Aka gaisa, aka sake yi wa juna ta'aziyya, ya tambayi Turai yara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Khuzaima ya faɗi abin da ya kawo su. Malam ya karɓi takardar, yana ganinta fuskarsa ta saki.

"Allah ya jiƙan Abdurra'uf," ya ce. "Dubi kan wau ɗin nan. Shekara arba'in ina ce masa ya yi girma, bai rage ba."

Turai ta ga magana ta ƙare. Ta fara hamdala a zuci.

Amma tsohon bai miƙo takardar ba. Ya ja jiki zuwa bakin ƙofa, ya karkata ta wajen rana, ya bi layin farko da ido, ya dawo ya sake bi. Fara'ar ta tafi a hankali. Ya jawo gafaka ya zaro wata tsohuwar wasiƙa da marigayi ya taɓa aiko masa, ya jera su a gwiwa. Ya daɗe har Alhaji ya fara gyaran murya.

"Khuzaima, kai direba ne," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Daga Gwaram zuwa nan gudu ɗaya ka yi?"

"A'a, Baba. In hanya ta miƙe a taka, in an zo lanƙwasa a sassauta."

"In lanƙwasar ta tsananta fa?"

"Sai a ƙara sassautawa, in ba haka ba a tsinci kai a rami."

"To hannu ma haka yake tafiya, sai dai shi ba a koya masa. Matso nan. Share ƙasar nan, zana min ƙwai da yatsa. Dogo. Yi ta zagaya shi, kada ka tsaya."

Khuzaima ya durƙusa da babbar rigarsa yana zagaya ƙwai a ƙasa kamar yaro. Turai ta leƙa. Tun ba a faɗa ba ta gani: a dogayen gefunan yatsan yakan wuce fuu, in ya zo kan ƙwan inda ya tsuke sai ya lafa, ya juyo, ya sake zabura.

"Yanzu yi shi da gudu ɗaya ko'ina," in ji Malam.

Ya gwada. Yatsan ya ƙi. In ya hana shi lafawa sai ya zarce ya ɓata kan ƙwan, in ya kiyaye kan sai ya ga ya lafa bai sani ba. Ya yi dariya ya karkaɗe hannu ya ce abin ya fi ƙarfinsa.

"Ya fi ƙarfin kowa. Ka zana babba ko ƙarami, ka yi gaggawa ko ka yi nawa, tsarin nan yana nan. Inda layi ya miƙe hannu ya yi gudu, inda ya lanƙwashe ya rage, gwargwadon tsananin lanƙwasar gwargwadon ragewar. Mai zanen hula haka, mai lalle haka, mai sassaƙar ƙwarya haka. Mu kuma marubuta tawada ce ke tona mu. Inda hannu ya yi gudu takan yi siriri ta yi haske, inda ya lafa ta taru ta yi duhu." Ya ɗaga tsohuwar wasiƙar. "Ku duba alif ɗinsa, kamar jefa shi aka yi. Ku duba cikin nun, nan ya zauna, ga tawada ta kwanta. Ga wutsiyar kuma ta fice siririya, alƙalamin ya bar takarda tun bai gama ba. Haka Abdurra'uf yake tafiya, ko a cikin dubu zan gane shi."

Ya ajiye ta ya ɗauki ta Turai.

"Wannan hannun kuwa bai yi gudu ko sau ɗaya ba. Alif da cikin nun tafiyarsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, duhunsu ɗaya. A miƙaƙƙen layi ma yake rawa, inda babu abin tsoro. Ga inda ya tsaya a tsakiyar lam ya duba hanya, ga wani, ga wani. Mai rubuta nasa ba ya duba hanya. Wutsiyar nun ɗin nan ba ficewa ta yi ba, raka ta aka yi har ƙarshe aka ajiye." Ya cire tabarau ya murza ido. "Siffar ta Abdurra'uf ce, ni kaina ba zan kwaikwaye shi haka ba. Amma ba shi ya ja wannan tawadar ba. Wani ne ya bi."

Alhaji Maikano ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Khuzaima ya juyo ya dube ta. Ba fushi ne a fuskarsa ba, roƙo ne, kamar yana cewa ta faɗi wani abu ko mene ne.

"Ni ce," in ji Turai. Muryar ta fito ƙarama. "Ni na bi, Baba Malam. Amma shi ya rubuta, a gabana, da tawadar allo. Ruwan Agusta ya shiga akwatina ya cinye baƙin. Na ga zai ɓace, sai na bi sawu yadda yake sa ni ina yarinya. Ban ƙara ko ɗigo ba, ban rage ba. Allah shi ne shaidata."

"Me ya hana ki faɗa a gida?" Khuzaima ya tambaya.

"Tsoro."

Malam Maliki ya dube ta. Sannan ya mayar da tabarau ya koma kan takardar, wannan karon da wani irin ɗoki, yana bin ta baƙi-baƙi da bakin farce.

"'Yata, kin bar wani wuri? Ko baƙi ɗaya da kika ga bai dushe sosai ba kika tsallake?"

"Ban bari ba."

"Ko wasali? Ko wutsiya guda? In na sami jan alƙalami ɗaya nasa a takardar nan, ɗaya tak, zan ce ya taɓa ta, in tsaya a kai ko a gaban wa."

"Har ɗigon na bi," ta ce. Sai a lokacin hawayen suka zubo. Hantsi uku ta yi tana tabbatar da cewa ba ta bar ko ɗaya ba, ta koma ta duba, ta sake dubawa, tana jin daɗin aikinta.

"Amma Baba," in ji Khuzaima, "ga wani toka-toka nan a gefen wasu baƙaƙen. Ba shi ne na ƙasan ba?"

"Na gani. Sai dai mai ƙirƙira ma da haka yake farawa, ya ja da ruwa-ruwa ya gyara siffa, sannan ya bi da baƙi. Gefe ba ya nuna tafiya. Sai na ga jan gaba ɗayansa, daga inda ya taso zuwa inda ya fice, shi kuwa yana ƙarƙashin nata." Ya juya wajen Turai, muryarsa ta yi laushi. "Zuciyata ta gaskata ki. Na san wanda ya rene ki, na kuma san irin koyarwarsa. Amma ba zuciyata aka zo tambaya ba, idona aka zo tambaya, kuma akwai marayu a ciki. Abin da idona ya gani a takardar nan hannunki ne."

"Ni ma na yarda da ke, Yaya," Khuzaima ya ce. "Wallahi na yarda. Da ni kaɗai ne da ba mu zo nan ba."

Alhaji ya ɗago. "Ni ban ce ta yi ƙarya ba. Amma ko na yarda, ba ni da ikon yafe abin yaran da ba su san hagu da dama ba. Shi ma Khuzaima rabonsa kawai zai iya bayarwa, kuma su bakwai ne."

Turai ta ji su duka. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu wanda za ta riƙe a zuci. Da sun ƙaryata ta da ta sami abin yi, ta yi rantsuwa, ta yi faɗa, ta kai ƙara. Ga mutum uku sun yarda da ita, gona kuma tana fita daga hannunta a gabansu. Ta share fuska da gefen mayafi, ta zuba wa takardar ido, kanta yana aikin da ya saba, wato neman ta inda za a gyara.

"Baba Malam, tawadar allo ce ai. Tawa ce a sama. In aka sa ruwa kaɗan aka ɗauke tawa, tasa za ta fito."

"Da wace tawada kika bi?"

"Da tasa. Gidan tawadarsa na ɗauko."

"To gawayi ɗaya ne, ƙaro ɗaya. Ruwa ba zai tsaya tambayar wanne ne na wa ba. Kada ki yi."

"In ban yi ba me ya rage min a cikinta?"

Malam ya miƙo mata takardar. Ya ce shi dai hannunsa ba zai taɓa ba. Ta roƙi auduga, aka kawo daga cikin gida, ta tsiyayi ruwa daga butar Malam a murfin kwano. Ta shimfiɗa takardar a kan allo. Malam ya ce in dole ne ta gwada a ƙarshen layi, wurin da ba shi da nauyi. Ita kuwa ta tuna wani abu. Ranar da Kawu yake rubutun, daidai sunanta ya sake tsoma alƙalami, kuma bayan ruwan nan sunan ne ya fi ko'ina saura baƙi. In akwai inda hannunsa zai jure, nan ne.

Ta naɗa audugar a tsinke, ta tsoma, ta matse har sai da ta ga kamar babu ruwa. Ta yi bisimilla ta ɗora a kan sunan, ta ɗaga. Audugar ta yi baƙi. Mazan uku suka matso, har Alhaji. A ƙasa akwai wani abu toka-toka, kuma na ɗan lokaci Turai ta ga kamar ta hango shi, siririn ja mai fita da gudu.

"Malam, duba," ta ce.

Kafin tsohon ya kai tabarau kusa, danshin ya bazu. Tokar ta narke ta bi shi, ta zama tabo mai faɗin ɗan yatsa. Turai ta yi sauri ta sa busasshiyar auduga don ta tsare, audugar ta ɗauke sauran. Malam ya duba ya daɗe, ya karkata allon dama da hagu, ya girgiza kai. Alƙalamin kara ba ya huda takarda, bai bar ko kurji ba.

Ta sake tsoma tsinken za ta gwada kalma ta gaba. Khuzaima ya riƙe bakin allon.

"Yaya, ya isa."

Ta dubi abin da ya rage. Takardar tana cewa shi Abdurra'uf ya ba da gonarsa ta fadama kyauta, ba aro ba, don Allah da zumunci. Wurin wanda aka ba kuwa fari ne, da ɗan danshi.

Malam Maliki ya yi addu'a ga mamaci da masu rai, aka shafa. Suka shiga mota, suka wuce rabin hanya. Sannan Khuzaima ya ce, ba tare da ya dubi madubi ba, shinkafar bana tata ce, babu mai taɓa mata ko zangarniya, kuma abin da ya faɗo a rabonsa na fadamar ta ci gaba da nomawa. Alhaji ya ce hakan ya yi. Ta yi godiya, don godiyar ce ta kamata. Ta san girman gonar, ta san abin da zai rage in an yanka ta tsakanin mutum bakwai, ba zai ciyar da gida wata biyu ba. Sauran magadan kuma tuni wani mai injin ban ruwa daga Gwaram ya yi musu maganar saye.

Ranar Lahadi aka zo da igiyar awo da turaku, mai unguwa da magada da Alhaji Maikano. Suka tsaya a bakin fadama suna duban juna, don duk cikinsu babu wanda ya san inda gonar Malam ta tsaya ta maƙwabci ta fara. Sai aka aika gida a kira Turai. Ta zo, ta ɗaure zani, ta shiga cikin shinkafarta da ta fitar da kai, tana gaba suna binta da igiya, tana nuna musu inda za su kafa.